Ranar da Yaya Sunusi ya cire hularsa a gaban alƙali

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Malam Sunusi makwancinsa a Wurno, wata ranar Talata da hantsi, gero ya fara fitar da kai. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana kam dole ce ta sa ni. 'Yarsa Safiya, wadda ita kaɗai ya bari a duniya, ta zo har gidana a Birnin Kudu tana roƙon a ɗaura mata aure ba tare da an kira sunan ubanta ba. Tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Mu 'ya'yan malamai ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ke da makarantar unguwarmu, kuma zaurensa shi ne kotun da mutanen garinmu suka sani. Rigimar iyakar gona, tumakin da suka shiga wake, matar da ta yi yaji, duk can ake kai su. Baba yana da hanyarsa ta raba faɗa. Ba ya fara tambayar wa ke da gaskiya. Sai ya bar kowa ya zubar da abin da ke cikinsa, sannan ya dubi wanda ya fi shekaru ko ya fi karatu a cikin su biyun, ya ce, "Wane, ɗauki laifin." Mutumin sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma, ya ce laifina ne, a yafe mini. Ko shi aka cuta, haka zai ce. Shi kuwa ɗayan kunya ce za ta rufe shi, ya yi sauri ya ɗauki hular ya miƙa masa, ya ce haba, ya wuce, ni ma a yafe mini. A fasa goro, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Na girma ina ganin wannan kusan kowane mako, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki laifi ya fita zauren nan da shi ba. A wurinmu amsa laifi girma ne, sai ɗan babban gida ke iya yin sa.

Da Baba ya rasu Yaya Sunusi ne ya gaji makarantar, ya mayar da ita Islamiyya, yana kuma jan salla a masallacin unguwa. Mutum ne mai sanyin magana, har nakan tsokane shi in ce kafin ya gama sallama wani ya gama wa'azi. Ni kuwa boko aka kai ni, na zama malamin firamare. Ni ne wanda ake miƙa wa duk takardar da ta shigo gidan da Turanci, kuma in gaya muku gaskiya ina jin daɗin hakan ƙwarai. In na ce abu kaza haka yake a hukumance, babu mai ja da ni, har Yaya da ya girme ni da shekara shida.

Matarsa Hauwa 'yar Basirka ce, ta wajen Gwaram. Ta rasu Safiya tana wata bakwai, sai uwar Hauwa, Inna Talatu, ta ɗauki jaririyar ta tafi da ita. Babu wanda ya yi maganar yaushe za a dawo da ita, don a ganinmu abin a fili yake: in an yaye ta za ta dawo gidan ubanta. Aka yaye ta, shiru. Ta shekara uku, ta shekara huɗu, Inna Talatu kullum sai ta ce a bari ta ƙara wayo. Yaya yana zuwa duk wata da sabulu da hatsi, ya gaishe da surukarsa kansa a ƙasa, ya dawo bai iya tayar da maganar ba. Abin mamaki, hukuncin yana nan cikin littattafan fiƙihun da shi da kansa ya karanta a gaban Baba, cewa riƙon yaro na uwa ne, in babu ita na uwar uwa. Ya san shi a karatu, amma bai taɓa ganin an yi aiki da shi a garinmu ba, inda kowa ya tashi da cewa ɗa na uba ne.

Da ta cika shekara biyar ya ce ba zai yiwu yana koyar da 'ya'yan mutane tasa ba ta san baƙi ba. Ya hau babur ya tafi Basirka. Ya tarar Inna Talatu ta tafi barka, Safiya tana wasa a ƙofar gida, ta gan shi ta rugo. Ya ɗora ta a gaba, ya bar sallahu wajen maƙwabciya, ya tayar da babur. Nan ƙanin marigayiya, Haladu, ya fito da gudu ya riƙe kan babur ɗin yana cewa ba inda za a kai ta sai Inna ta dawo. Yaya ya sa hannu ɗaya ya tare yarinyar kar ta faɗi, babur ya rinjaye shi, ya kife a kan ƙafar Haladu. Ƙashin ƙwauri ya karye. Babu wanda ya daki wani. Mutum huɗu suna tsaye sun gani, har yau biyu daga cikinsu suna raye.

Sai dai zuciya ta riga ta ɓaci. Kafin la'asar dangin Haladu sun kai magana caji ofis, Yaya ya kwana a bayan kanta.

Washegari da safe na isa caji ofis ɗin, na sa babbar riga har da biro a aljihu. Ɗan sandan da zai gabatar da ƙarar ya ce mini in Yaya ya musa, za a ɗage shari'a, a kai shi ajiya gidan yari har a duba maganar beli, a nemo shaidu. In kuwa ya amsa, a ranar za a yanke hukunci. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, kuma bai ce za a sake shi ba. Wannan ni na ƙara daga kaina, saboda zauren Baba ne kaɗai kotun da na taɓa zama a ciki. Na tuna gonarsa tana jiran maimai, ga yaran makaranta, ga abin kunya a ce malami ya tsaya yana musu da surukansa a bainar jama'a. Na matsa jikin ƙarfen da ya raba mu na ce masa ya amsa.

Ya ce, "Isa, ai ban ture shi ba. Kuma yaya za a ce mutum ya saci 'yarsa?"

Na ce, "Haba Yaya, wa ya ce ka ture shi? Da Baba ke cewa a ɗauki laifi, sai wanda ya yi? Kai ne babba, kai ne malami. Ka ɗauka, Haladu ya ji kunya, mu koma gida kafin azahar."

Ya ce, "To, kai ka san boko."

Wannan maganar tasa ita ce ke hana ni sakat har yau.

Ba zan ɗora wa alƙalin da muka samu laifi ba, don ya yi abin da ya kamata. Magatakarda ya karanta tuhuma da Turanci, ya mayar da ita Hausa dalla-dalla: cewa da gangan Yaya ya ji wa Haladu mummunan rauni, kuma ya yi yunƙurin ɗauke yarinya daga hannun mai riƙonta ba da izini ba. Alƙali ya tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane. Ya tambaye shi ko ya aikata. Yaya ya cire hularsa ya ajiye a kan katakon da ke gabansa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ɗauki laifin duka." Alƙali ya ajiye biro ya dube shi da kyau, ya ce, "Malam, ka san in ka amsa hukunci zan yanke maka? Ka aikata abin da aka karanta?" Yaya ya waiwayo ya nemo fuskata a cikin mutane. Na gyaɗa masa kai. Ya ce ya aikata. Aka sake tambayarsa karo na uku, ya maimaita.

Daga nan Yaya ya juya wajen Haladu, wanda ke zaune a benci ƙafarsa a ɗore da karare, ya tsaya yana jira. Wallahi na ga Haladu ya yunƙura yana neman sandarsa, ya buɗe baki, sai aka daka tsawa a yi shiru a kotu. Alƙali yana ta rubutu. Da ya ɗago ya ce ganin wannan ne karo na farko, kuma bai wahalar da kotu ba, ya sassauta masa: wata shida. Hular tana nan a kan katako har aka fita da shi, ni na ɗauko ta. A waje Haladu kuka yake kamar ƙaramin yaro, yana cewa shi fa tsoratar da shi kawai yake so a yi.

Sai da aka fi kwana arba'in sannan na iya samun wani lauya a Dutse ya saurare ni. Ya ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, kuma ko da bai wuce ba, wanda ya amsa da bakinsa bayan an yi masa bayani da harshensa, da wuya a saurari kukansa sai dai a kan tsawon hukunci. Ya ce da mun roƙi kotu ta ba mu lokacin sulhu kafin a tambaye shi komai, mai yiwuwa da Haladu ya janye maganar ta mutu. Wato sulhun da muka je nema yana nan a dokar, mu ne muka shiga ta ƙofar da ba ita ba. Lauyan ya tambaye ni wane ne ya ba shi shawarar ya amsa. Na dubi ƙasa na ce ban sani ba.

Yaya ya fito bayan an gama girbi, ya rame, gashin kansa ya yi fari. Bai taɓa gaya wa kowa ni na sa shi ba. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin tayar da maganar, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Isa, ai ni na yi magana da bakina." Mutanen gari ba su kore shi ba, ba ma irin wannan. Sai dai ya tarar an sa wani yana jan salla, kuma ba a ce masa ya karɓa ba. Iyaye suka riƙa zare yaransu ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai daɗi. Duk wannan bai dame shi ba kamar maganar Safiya. Ya kai ƙara kotun Musulunci yana neman a ba shi 'yarsa. Alƙalin can ya karanta masa abin da ya riga ya sani, riƙo na kaka ne, shi yana da haƙƙin ziyara da kula da tarbiyya. Da ɓangaren Inna Talatu suka miƙa kwafin hukuncin farko, sai aka ƙara da cewa ziyarar a gidan kaka za a riƙa yi, a gaban kawunta.

Sau uku ya je. Duk zuwan da ya yi yarinyar gudu take ta ɓuya a bayan rumbu tana ihu, don yaran unguwa sun gaya mata ga mutumin da ya karya ƙafar Kawu don ya sace ta. A na ukun ya zauna tun hantsi har azahar, ba ta fito ba. Ya dawo ya ce mini ba zai riƙa zuwa yana firgita yarinya ba, a bari ta girma, in ta yi hankali za ta gane. Shekara uku bayan fitowarsa hawan jini ya kayar da shi a gona, ya kwana tara ba ya magana, ya cika. Ba a kawo ta gaisuwa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu lauyoyi a rediyo suke zama suna amsa tambayoyin mutane, wasu a waya kake ganinsu suna bayani da Hausa tsantsa. An ce ma akwai masu tsaya wa talaka kyauta, har akwai tsarin da mutum zai zauna da masu ƙara a yi yarjejeniya a rubuce kafin ya amsa, ya san abin da zai same shi. Ina jin da Yaya zai ce alhamdu lillahi, an samu ci gaba, don shi mutum ne mai kyautata zato. Ni ba ni da wannan halin. Tun da aka san na taɓa zirga-zirgar kotu, mutane suke zuwa ƙofar gidana da tambayoyi, kuma tambayoyin ba su canza ba ko kaɗan. In na sake ta, wa ke da yaran? In uwar ta rasu fa? In ya amsa ba sai a sake shi ba? In ya amsa, za a iya janyewa? Ina gaya musu abin da na koya da tsada, in ce ni ba lauya ba ne, ku nemi lauya kafin kowa ya buɗe baki.

Bara wani dattijo ya zo daga Unguwar Ya, an kama ɗansa kan faɗan da aka yi a bakin gona. Na zaunar da shi na yi masa bayani har muryata ta dushe. Na ce kar yaron ya amsa abin da bai yi ba, in sulhu kuke so ku roƙi alƙali lokaci tukuna. Ya ce to, to, Allah ya saka. Bayan kwana biyu na ji yaron ya amsa. Da na haɗu da uban a kasuwa na ce Baba, me ya faru? Ya ce, "Malam Isa, na ji maganarka. Amma mu gidanmu ba a musu da manya." Na san inda ya samo wannan maganar. Tarbiyyar da muke alfahari da ita ce take kai 'ya'yanmu kurkuku, kuma ban ga yadda rediyo za ta cire wa mutum abin da ya sha a nono ba.

Safiya yanzu shekararta goma sha takwas, ta gama sakandare, za ta auri wani yaro malamin asibiti a Gwaram wanda ita ta kawo shi da kanta. Limamin da zai ɗaura ya ce waliyyi daga dangin uba yake, shi ya sa ta zo. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina wuni," na ga goshin Yaya sak, har yadda take jan magana a hankali. Buƙatarta biyu ce. In wakilta Kawu Haladu ya ba da aurenta, kuma a kira ta da sunan da ke takardunta na makaranta, Safiya Haladu.

Na ce, "'Yata, ubanki bai daki kowa ba. Babur ne ya faɗi."

Ta ce, "Kawu ma haka yake cewa, don ya rufa masa asiri. Baffa, da Inna ta rasu na samu takardar kotun a cikin kayanta. Na karanta da idona. Sau uku aka tambaye shi."

Nan na faɗi abin da na ɓoye shekara goma sha uku, wanda ko matata ba ta sani ba. Na ba ta labarin zauren kakanta da yadda ake ɗaukar laifi, na gaya mata abin da na ce masa a bayan kanta, na gaya mata ni ne na gyaɗa masa kai. Ina magana hawaye na zuba a gemuna. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta yi ɗan murmushi irin na tausayi.

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa. Kawu ya ce laifinsa ne da ya riƙe babur, kai ka ce naka ne. Ai yanzu ka gama gaya mini haka gidanku yake, kowa yana ɗaukar laifin da ba nasa ba."

Na yi rantsuwa, ta ce haba Baffa, kar ka rantse saboda ni. Na ce akwai shaidu biyu a raye, ta ce duk mutanen kirki ne, ta san abin da za su ce. Babu fushi a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ta zage ni da na samu inda zan kama.

To me ya rage na Malam Sunusi? Makarantar ta watse, ɗakin yanzu buhunan taki ake ajiyewa a ciki. Waɗanda ya koyar sun zama magidanta, in sun gan ni sukan ce Allah ya jiƙan Malam, su wuce. Haƙurinsa da sanyin halinsa suna cikin kawunan tsofaffi 'yan kaɗan, mu ma muna kan hanya. Abin da zai daɗe bayanmu duka shi ne layi ɗaya da alƙali ya rubuta da hannunsa, cewa wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, kuma layin nan ne kaɗai 'yarsa ta yarda da shi. Yaya ya ce in ta yi hankali za ta gane. Ta yi hankali, ta yi karatu fiye da yadda ya yi mata fata, karatun ne ma ya kai ta ga takardar.

Ina da ikon in ƙi. Shari'a ta ba ni, kuma liman ya ce in na tsaya babu mai ture ni. Amma na riga na taɓa yanke wa wani daga gidan nan abin da zai yi da rayuwarsa, na ga inda ta kai mu. Na wakilta Haladu.

Ranar Asabar da ta wuce aka ɗaura. Na hau mota ni kaɗai zuwa Basirka, na tsaya can baya inda ake ajiye babura. Haladu ya hango ni, ya taho yana ɗingishi ya kama hannuna ya ce in zo gaba, na ce a'a, nan ma ya isa. Ina ta roƙon Allah a zuciyata ko liman zai yi mantuwa, ko wani tsoho zai gyara masa. Sanƙira ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren Safiya Haladu. Allah ya jiƙanka Yaya, ya ba ka a can abin da muka hana ka a nan. Babu wanda ya gyara, kuma na shafa fatiha tare da kowa.